A Bar Linzami Ya Huta, A Koyi Ba Kwamfuta Umarni

Sau da yawa mukan ga yaranmu sun gama makarantar koyon kwamfuta, ga takardar shaida a hannu, amma da an ɗauke linzamin kwamfuta daga gabansu sai su yi tsuru-tsuru. A ganinmu wannan rabin ilimi ne.

Akwai wata baƙar taga da ake kira taminal, inda mutum kan rubuta umarni, na'ura ta cika. Ba baƙon abu ba ne. Tun 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma Unix a Amurka, a 1991 kuma Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki, ya fito da Linux. Yau yawancin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet Linux ke tafiyar da su, masu lura da su kuwa ta wannan taga suke aiki. Yaron da bai san ta ba, ƙofar wannan sana'a a rufe take gare shi.

Wasu za su ce da wuya. Gaskiya ne, makon farko sai an yi haƙuri, amma da rarrafe yaro kan tashi. A fara da umarni biyar: pwd ya faɗa maka inda kake, ls ya nuna abin da ke wurin, cd ya kai ka wani wuri, cp ya kwafi fayil, man ya ba da bayanin sauran. Maɓallin Tab yakan ƙarasa suna, kibiyar sama ta dawo da umarnin baya. A yi hattara da rm, gama abin da ya share ba ya zuwa kwandon shara. Wajen rubutu a soma da nano, Vim ya jira tukuna.

Abin da muke tsoro shi ne ɗoki. Sabon shiga yakan kwashe makonni yana gyaran launi da kwafo tsarin wasu wanda bai fahimta ba, aikin kansa kuwa ko layi ɗaya babu. Kada ka sa abin da ba za ka iya bayyanawa ba.

Iyaye da dattawa, tsohuwar kwamfutar da ta kasa ɗaukar Windows 11 kada a jefar. A sa mata Linux, kyauta ne, a zaunar da yara gabanta rabin sa'a kowace rana.