Sauya jinsi a Faransa: marar hali da jira yake biya

A Faransa, asusun lafiya na ƙasa yana iya ɗaukar kuɗin magani da tiyatar masu sauya jinsi, ƙarƙashin tsarin doguwar jinya. Dokar 2016 kuma ta ba da damar gyara takardar haihuwa a kotu ba tare da an yi tiyata ba.

Sai dai asusun ba ya biyan abin da ya wuce farashin da hukuma ta tsayar. Likitoci masu zaman kansu sukan ɗora nasu a kai, majinyaci ya cika ragowar in ba shi da ƙarin inshora. A asibitin gwamnati kuwa, jiran tiyata kan kai shekaru. Mai hali yakan nufi asibitin kuɗi ko Tailan, marar hali ya zauna jiran layi ya zo kansa.