Fitilar ABS ba ado ba ce

Duk matashin da ke tuƙa motar gida ko ta haya tsakanin Jahun, Kiyawa da Dutse ya san fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke ɗauke da haruffa uku, ABS. Idan aka murɗa makulli takan kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu, wannan ba komai. Magana tana tasowa ne in ta ƙi mutuwa. Abin da aka saba ji a gareji shi ne "ai birki na ci", sai a manna mata baƙin tef, wani ma ya sa a zare ƙwan gaba ɗaya, hankali kwance.

Birki kam yana ci, ba a yi ƙarya ba. Sai dai aikin ABS daban ne. Tun 1978 da kamfanin Bosch ya fito da ita a motocin Mercedes-Benz, amfaninta shi ne hana taya ƙamewa idan direba ya taka birki da ƙarfi. Tayar da ta ƙame jan ƙasa kawai take yi, ka murɗa sitiyari yadda kake so, mota ba za ta saurare ka ba. ABS tana kamawa tana saki sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, shi ya sa kake jin feda na karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, kuma kana iya kauce wa akuya ko mai babur da ya faɗo maka. A kan yashi tana iya ƙara tsawon tazarar tsayawa, amma a jiƙaƙƙiyar kwalta da damina, wannan ikon juya sitiyari shi ne abin nema.

Kwamfutar motar tana sanin gudun kowace taya ne ta wata 'yar na'ura da makanikai ke kira sensa. Tana maƙale kusa da boris, tana karanta wani zobe mai haƙora ko mai maganaɗisu da ke juyawa tare da taya. Da ɗaya ta daina aika saƙo, sai kwamfuta ta kashe ABS ɗungurungum ta kunna fitila.

Kada ka yi gaggawar sayen sabuwa. Sau da yawa sensar lafiya lau take, taɓo ne ko garin ƙarfe ya lulluɓe bakinta, ko waya ta gogu da taya ta tsinke, ko ruwa ya shiga soket. Akwai kuma wata da ba kowa ya lura da ita ba: a motocin da zoben yake cikin boris, idan bakanike ya sa sabon boris a juye, sensa ba za ta ga komai ba. Saboda haka in fitila ta kama ne bayan an canza maka boris, ka koma wurin wanda ya yi aikin. In ba haka ba, nemi mai sikana wadda ke karanta ɓangaren ABS, don ba kowace ke yi ba. Ita za ta nuna maka tayar da ke da matsala, ba sai an bi huɗun da lalube ba.

Idan ta tabbata sensa ta mutu, canjin ba wani babban aiki ba ne. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a tare tayoyi da dutse, a cire kan batir, a ɗaga da jak a kuma tokare da abu mai ƙwari, don jak shi kaɗai ba abin yarda ba ne. Bayan an cire taya, galibi noti ɗaya ne ke riƙe da sensar. In tsatsa ta cije ta, a jiƙa da mai a jijjiga a hankali. Guduma ba ta da aiki a nan, in ta karye a cikin ramin an janyo wa kai wahala. A goge ramin, a sa sabuwar, a bi da waya ta inda tsohuwar ta bi, a maƙale ta a mazauninta. Sai a goge lambar matsalar da sikana, a gwada mota a hanya.

Wajen saye, ko a Dutse ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ka tafi da tsohuwar a hannu. Ta gaba daban da ta baya, a motoci da yawa ma ta hagu ba ta shiga dama.

Masu raka iyaye ko yayye duba mota ta hannu kuwa, ga abin da za ku yi kafin a fara ciniki. Ku murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ku zuba wa fitilun ido. Dole ta ABS ta kama sannan ta mutu. In ba ta kama ba ko kaɗan a motar da ke da ABS, to ku tambayi mai motar ina ƙwan ya tafi.