A-kori-kurar Maiyama ba sufacaja take buƙata ba

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal da Aliero da Jega, ta bi ta Maiyama ta nufi Koko da Yawuri, hanya ce ta tireloli, amma ba tirela ce ke shiga gona ba. Aikin fito da albasa da barkono da shinkafa da gero daga fadama zuwa bakin kwalta na a-kori-kura ne: tsohuwar Peugeot 504 irin wadda aka riƙa harhaɗawa a kamfanin PAN na Kaduna da aka buɗe a 1975, da Hilux iri-iri, tun daga mai kafireto har zuwa mai ƙwaƙwalwa. Kukan masu waɗannan motoci ɗaya ne, wai mota ba ta ja. A da maganin da ake nema bai wuce a sa bakanike ya buɗe famfon gas ko a sauke injin a ɗora wani ɗan Beljiyam ba. Yanzu da wayar hannu ta kawo bidiyon masu gyaran motoci na Amurka da Dubai har gindin bishiyar gareji, an fara jin samari masu mota suna ambaton sufacaja da canjin kamshaf kamar su ne maganin. Ra'ayina shi ne, ga motar da ke cin abinci tsakanin Maiyama da Jega da Aliero, wannan kuɗi ne da za a kashe a sayo ƙarfin da ba shi ake nema ba, a kuma biya da rayuwar injin.

A fara da yadda abin yake aiki, domin gardamar duk a nan take. Injin ba ya samun ƙarfi sai gwargwadon iskar da ya shaƙa, saboda fetur ba ya ƙonewa da kyau sai an haɗa kilo ɗaya da iska wajen kilo 14.7. Sufacaja zuga-zugi ce irin ta maƙeri, tana tura iska cikin silinda fiye da yadda fistin zai iya zuƙa da kansa. Asalinta ma daga can ne, don 'yan'uwan nan biyu, Philander da Francis Roots na jihar Indiyana ta Amurka, sun yi rajistar na'urarsu a 1860, kuma aikinta na farko hura wutar narkar da ƙarfe ne. Bambancinta da tobo shi ne, tobo hayaƙin salansa ke juya ta, ita kuwa sufacaja bel ne ke jan ta daga karanshaf, wato tana cin wani kaso na ƙarfin injin kafin ta ba da nata. Idan ta ƙara iska da rabi, dole a ƙara mai da rabi ko fiye duk lokacin da aka taka totur. Wanda ya ce maka za ka sami ƙarfi kyauta bai faɗa maka gaskiya ba, balle a ƙasar da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024.

Amma mai ba shi ne babbar matsala ba, zafi ne. Iska idan aka matse ta takan yi zafi, wannan doka ce da ba bakaniken da zai iya kauce mata. A watan Maris da Afrilu, lokacin da ake cikin ruwan ɗibar albasa, zafin rana a wannan yanki na Kebbi yakan wuce digiri 40. A ɗauki iska mai digiri 42 a matse ta da ƙarin rabin matsin da take da shi ta cikin sufacaja irin ta Roots, za ta fito tana kusan digiri 100 idan ba a sa mata na'urar sanyaya iska ba. Iska mai irin wannan zafi idan ta haɗu da fetur mai ƙarancin okten, sai cakudar ta riƙa fashewa tun kafin lokacinta. Direba zai ji wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan mota ta ɗauki hawa, wani ma ba zai ji ba saboda ƙarar bodi. Wannan fashewar ce ke karya ringi, ta huda kan fistin, ta ƙone gasket. Fetur ɗin da ake sayarwa a Najeriya ma'auninsa okten 91 ne, kuma gidan mai ba ya ba ka zaɓi tsakanin na talaka da na musamman kamar yadda ake yi a ƙasashen da ake ɗaukar waɗancan bidiyoyi. Ko wannan 91 ɗin ma sai an yi sa'a, domin ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi a farkon 2022 ba, ga kuma na 'yan bumburutu da ba wanda ya san abin da ke cikin galan. A ƙara da ƙurar hunturu, wadda injin da ke zuƙar ƙarin iska zai zuƙi ƙarinta, sannan a tuna cewa mafi yawan motocin nan an daɗe da cire musu tamostat, lagireton kuma ruwan rijiya ake ɗura masa har gishiri ya toshe rabin bututunsa.

Akwai wuraren da tura iska da ƙarfi ke da hujja mai kyau. Injin da ba shi da tobo yakan rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda iska na ƙara sirancewa. Direban Mambilla ko na Adis Ababa yana da abin cewa. Jega da Maiyama kuwa ƙasa ce ta kwari, gefen gulbin Zamfara, tsayinta daga teku bai taka kara ya karya ba. Iska a nan ba ta yi wa kowa rowa ba.

Batun kamshaf ya fi wannan yaudara, domin ya fi arha kuma ba a ganinsa daga waje. Kamshaf sandar ƙarfe ce mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke juyawa sau ɗaya a duk juyi biyu na karanshaf, ita ke buɗe bawul ta rufe. Kamshaf ɗin tsere yana buɗe bawul da faɗi, ya kuma bar shi a buɗe na tsawon lokaci, har bawul ɗin shiga da na fita su daɗe a buɗe tare. Idan injin na juyi 5,000 ko 6,000 a minti wannan riba ce. Idan yana juyi 1,500 asara ce, domin wani ɓangare na iskar da ta shiga yakan koma ta inda ya fito. Sakamakon shi ne mota mai rawar jiki a silo, mai rurin da samari ke so, amma wadda ke mutuwa da an saki kuloci da lodi a kanta. To a ina a-kori-kurar Maiyama ke yini? A giya ɗaya da giya biyu, cikin yashi da taɓo, tana fitowa daga gona da buhunan albasa da kowanne kan kai kilo 100. Abin da take buƙata shi ne ƙarfin murɗa taya a ƙaramin juyi, kuma shi ne ainihin abin da babban kamshaf ke ragewa. Direba zai rama da taka totur yana riƙe da rabin kuloci, kafin kaka ta ƙare filet ya ƙone. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. A motar fetur, tukunyar da ke sauƙaƙa taka birki tana dogara ne da zuƙar iskar da injin ke yi, kuma babban kamshaf yana raunana wannan zuƙa a silo. Wato an ƙara wa mota gudu a sama an taurara mata birki a ƙasa. Sabbin injina irin 2TR-FE mai lita 2.7 da ke cikin Hilux ta fetur ma suna da tsarin VVT-i, wanda ke sauya lokacin buɗe bawul da kansa gwargwadon juyin injin, don haka wanda ya cusa masa wani kamshaf ba tare da an sake tsara ƙwaƙwalwar motar ba ya haɗa faɗa ne tsakanin ƙarfe da kwamfuta.

Wani zai ce ai Toyota da kanta ta taɓa ɗora wa Hilux sufacaja. Gaskiya ne. A 2008 reshenta na TRD a Ostareliya ya fitar da Hilux mai injin V6 lita 4.0 da sufacaja ta kamfanin Eaton, mai ƙarfin kilowat 225. Amma a duba abin da ya biyo sufacajar: na'urar sanyaya iska, sabon tsarin ƙwaƙwalwa, manyan birki, da sabbin shokozoba. Mota ce da injiniyoyi suka sake auna ta gaba ɗaya, ba ƙarfe ɗaya aka ɗaura ba. Duk da haka a 2009 aka daina yin ta. Idan kamfanin da ya ƙera injin bai yarda ya ƙara masa iska ba sai da ya taɓa birki da sanyi, ban ga dalilin da zai sa mai tsohuwar Hilux da ta sha lodi shekara ashirin ya ɗauka shi zai tsallake waɗannan ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta lokaci. Mai mota zai ce kasuwar Jega ba ta jiran kowa, wanda ya riga sauke kaya shi ke komawa ya ɗauko sawu na biyu, kuma ƙarfi shi ne kuɗi. Wannan magana ce ta mai neman halak, bai kamata a raina ta ba, amma a yi mata lissafi. Tafiyar kilomita 100 a gudun 80 minti 75 ce, a gudun 100 kuwa minti 60. Ribar ke nan, kwata ɗaya na awa, kuma sawun gona zuwa kasuwa a wannan yanki sau da yawa bai kai rabin wannan nisa ba. Lokacin da ke ɓacewa yana ɓacewa ne wajen lodi, da ciniki, da shingen jami'ai, da ramukan hanya, da tsayawa a zuba wa lagireto ruwa. A ɗaya gefen kuma, ƙarfin motsin da birki zai tsayar yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, don haka daga 80 zuwa 100 aikin birki ya ƙaru da fiye da rabi. Hilux an ƙera ta ne ta ɗauki wajen tan ɗaya. Kowa ya san abin da ake ɗora mata bayan an ƙara ganyen sifirin: tan biyu ko fiye, da fasinjoji a saman buhu ƙafafu na lilo. Ƙarin sifirin yana hana bodi zama a kan taya, amma bai ƙara wa birki ko aksil ko tayar Beljiyam komai ba. Aliero ta yi suna a duk Arewa da albasa da kuma masu ɗorin karaya, kuma ba na jin masu ɗorin sun yi kukan rashin aiki da har za a nemo musu ƙari. Wannan kuma ita ce amsar mai cewa motata ce, kuɗina ne. Motar taka ce, amma ƙafafun da ke lilo na wasu ne. Tun 2017 ma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta wajabta wa motocin haya na'urar taƙaita gudu, ko da aiwatarwar ta yi sanyi.

Kada a ɗauka ina adawa da tura iska a injin ne baki ɗaya. Kusan duk motar gas ta zamani tobo gare ta, kuma ga mai ɗaukar kaya wannan ita ce hanya. Injin 2TR-FE na fetur yana kai ƙololuwar ƙarfin murɗinsa, wajen Nm 240, sai a juyi 3,800. Injin gas na 1KD mai lita 3.0 da tobo yana ba da Nm 343 tun daga wajen juyi 1,400. Wannan shi ne ƙarfin fita daga fadama, kuma ya zo da fistin da lagireto da giyabos da aka auna masa tun daga masana'anta. Gas ba ya fama da matsalar okten. Yana da nasa lalurar, domin nozul ɗin waɗannan sabbin injina ba ya yafe gas mai ruwa ko datti, kuma canza shi ba ƙaramin kuɗi ba ne, shi ya sa har yanzu masu tsohon injin 5L marar tobo ke riƙe da shi duk da nawarsa. Amma idan da gaske aikin mutum ya fi ƙarfin motarsa, gara ya sayar ya nemi wadda aka haifa da tobo, ko ya haura zuwa Canter, da ya mayar da injinsa wurin gwaji.

Ga sauran, waɗanda su ne mafi yawa, ƙarfin da suke nema ba ƙari ba ne, nasu ne da ya zube a hanya. Injin da ringinsa ya cinye, bawul ɗinsa bai zauna daidai ba, matatar iskarsa ta toshe da ƙura ko aka huda ta da ƙusa, taimin ya goce, nozul na ɗigo maimakon feshi, ba abin mamaki ba ne ya kasa hawa gangaren gada. Buɗe famfon gas har salansa ta riƙa aman baƙin hayaƙi ba gyara ba ne, wannan hayaƙin gas ne da aka saya da kuɗi yana fita bai ƙone ba, ga zafin da yake tara wa kan silinda. Ma'aunin matsin silinda ƙaramin abu ne da bai kai kuɗin taya ɗaya ba, kuma cikin rabin awa zai nuna ko injin na da sauran lafiya. Abin takaici ne a ce jami'ar kimiyya da fasaha na nan Aliero tun 2006, amma bakaniken da ke tazarar 'yan kilomitoci daga ƙofarta har yanzu da kunne yake auna injin. Kwas na mako biyu ga makanikan Jega da Maiyama da Aliero, tare da ƙungiyar direbobi ta NURTW, kan awon matsi da karanta ƙwaƙwalwar mota da gyaran tsarin sanyi, zai dawo wa motocin yankin da ƙarfin da ya fi na kowace sufacaja.

Don haka, mai mota, idan kakar bana ta yi albarka kuma kuɗi sun shigo hannu, ka fara da birki da taya, sai lagireto da tamostat, sai matatar iska da ta mai, sannan a auna matsin silinda. Ka rage buhu biyar a kowane sawu. Idan bayan duk wannan motar ta ƙi ja, ba kamshaf ne ya gaza ba, kayanka ne suka fi ƙarfin a-kori-kura.