Ku Liƙa Haƙƙin Majinyaci a Bangon Ɗakin Gaggawa

Shugabannin asibitocin Nijeriya, na gwamnati da masu zaman kansu, da ku nake. Bangon sashen gaggawa a asibitocinku cike yake da takardu. Akwai mai cewa a yi shiru, akwai mai cewa ɗan jinya ɗaya ake bari ya kwana, ga jerin kuɗin kati, ga lambar asusun da za a tura kuɗi an rubuta ta da manyan baƙi. Takardar da ta fi su amfani ga wanda aka kawo ranga-ranga, wato mai gaya masa cewa doka ta hana a ƙi duba shi, ita ce mutum zai yi ta dube-dube bai gani ba a wurare da dama. In ma an dace da ita, sai a tarar da ita cikin Turanci zalla, a wani lungu, rana ta cinye rubutun.

Wannan ba alfarma ba ce da za ku yi in kun ga dama. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa asibiti da ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Sashe na 24 ya wajabta a baje bayanai a cikin asibitin kansa, har da haƙƙoƙin majinyaci da hanyar kai ƙorafi. A 2017 aka ƙara dokar tilasta jinyar wanda aka harba da bindiga: a fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, asibiti ya sanar da 'yan sanda cikin awa 2 da fara jinyar. Sannan a watan Yulin 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyaci guda 12. Duk kun san wannan. Wanda bai sani ba shi ne mutumin da aka yi dokar dominsa.

Ku dubi mai Keke Napep da ya tsinci wani a bakin titi da tsakar dare, jini na zuba, ya ɗauko shi don Allah. Yana isa ƙofa sai a ce masa, "Je ka yanko kati." Ko a ce, "Ina rahoton 'yan sanda?" Bai san majinyacin ba, bai san doka ba, aljihunsa cinikin yini ne kawai. Sai ya hau roƙo, yana haɗa ma'aikaci da Allah da Annabi a kan abin da doka ta riga ta ba wanda ya ɗauko. Da akwai allo a saman kan ma'aikacin nan da ya faɗi haƙƙin da Hausa ɓaro-ɓaro, da nuni kawai zai yi. Shi ma ma'aikacin, wanda sau da yawa umarnin na sama yake bi, da ya sami abin kare kansa in akawu ya tambaye shi dalilin karɓar majinyaci ba kuɗi.

Na san abin da za ku ce: ba gado, ba isassun ma'aikata, an yi wa mutane magani sun tafi ba su biya ba. Gaskiya ne, kuma dokar 2014 ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa. In kuɗin bai iso gare ku ba, ku bi gwamnati da babbar murya, jama'a za su mara muku baya. Amma ɓoye wa talaka haƙƙinsa don kada ya nema zalunci ne, kuma ƙarancin gado bai hana buga takarda ba. Wanda ya iya buga lambar asusu ya iya buga sashe na 20.

A Amurka, dokar jinyar gaggawa ta 1986 ta sa dole asibitocin da ke karɓar kuɗin shirin Medicare su kafa irin wannan allo inda masu shigowa za su gan shi, kuma masu bincike na duba ko an kafa. Ma'aikatun lafiya na jihohinmu da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, su ma suna da laifi a nan, domin ƙaddamar da kundi a Abuja ba shi ne sa ido ba. Duk jami'in da ya je duba asibiti ya fara da bangon sashen gaggawa kafin ya shiga ofishin shugaba.

Ku kafa allon a ƙofar shiga da wurin yankar kati, da Hausa da ajami da sauran harsunan yankin, da zane don wanda bai iya karatu ba. Ku sa lambar wayar kai ƙorafi a ƙasansa, ku kuma ajiye mutumin da zai ɗaga ta ko da ƙarfe biyun dare ne.