Bargo ba ya da wuta: darasin zafi da haddar aku a lakkwal

A cikin darussan kimiyya da ake ba yaran firamare, babu mai arahar kayan aiki kamar darasin zafi, kuma babu wanda aka wulaƙanta kamarsa. Malami ya rubuta kalmomi uku na Faransanci a allo, yara su kwafa, su rera su kamar waƙa, ranar jarrabawa su amayar da su. Amma a tambayi zakaran ajin, cikin harshen da ya tsotsa, me ya sa ludayin ƙarfe ke ƙona hannu alhali muciya ba ta yi, sai ya sunkuyar da kai. Wannan ba koyarwa ba ce, haddar aku ce.

Ga shi kuwa ƙa'idar ɗaya ce tak: zafi yana tashi daga abin da ya fi zafi zuwa wanda bai kai shi ba, ba ya dainawa sai sun daidaita. Hanyoyinsa uku duk suna cikin madafar kowane gida. Yana bin jikin abu, kamar yadda yake hawan ludayi daga miya zuwa hannu. Ruwa ko iska kan ɗauke shi su yi sama da shi, kamar yadda ruwan gindin tukunya ke tasowa, na sama ya gangara. Yana kuma ƙetare sarari ba tare da an taɓa komai ba, kamar ɗumin wutar da tsofaffi ke kewayewa lokacin hunturu, ko zafin rana.

Wuyar darasin tana ga abin da yaro ya riga ya shigo da shi cikin kansa. Ya sakankance cewa bargo ne ke ba da ɗumi, cewa sanyi wani abu ne mai shigowa ta ƙofa, cewa ƙarfe ya fi itace sanyi. Duka ukun kuskure ne. Bargo ba ya da wuta. Tsare zafin jiki yake yi kada ya gudu. Ƙyauren ƙarfe da turmin da suka kwana a wuri ɗaya, ma'aunin zafi lamba ɗaya zai nuna musu. Sai dai ƙarfe ya fi itace saurin jan zafi sau ɗaruruwa, don haka yake zuƙe ɗumin tafin hannu nan take, jiki ya fassara hakan da sanyi. Irin wannan kuskure ba ya fita da bulala ko da hadda. Sai yaro ya furta shi, ya kare shi, sa'an nan idonsa ya ƙaryata shi. To, yaya zai yi gardama cikin harshen da bai iya ko neman ruwan sha da shi ba? Shiru zai yi, kuskuren ya kwanta lafiya ƙarƙashin kalmomin aro har ya tsufa da shi.

Masu kare wannan hali suna da hujjoji biyu. Ta farko, wai babu ɗakin gwaji. Wane ɗakin gwaji? A sayo ƙanƙara guda biyu, a naɗe ɗaya cikin bargo, a bar ɗaya a fili, a ce yara su faɗi wadda za ta riga narkewa. Yawancinsu za su zaɓi ta bargo, su sha mamaki. Mai sayar da ƙanƙara da azumi, wanda ke lulluɓe ta da buhuna, ya daɗe da sanin amsar. Ko a jera kwarya uku, ta ruwan ɗumi da ta ruwan sanyi da ta tsaka-tsaki; yaro ya sa hannu ɗaya a ta farko, ɗaya a ta biyu, sa'an nan ya tsoma duka biyun a ta uku. Hannu ɗaya zai ce sanyi, ɗaya ya ce ɗumi. Daga ranar ya gane dalilin da ya sa aka ƙera ma'auni.

Hujja ta biyu, wai Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Harshen da ya bambanta zafi da ɗumi, ya bambanta ɗari da sanyi, yake da gumi da tururi da huci, shi ne za a ce ba ya iya ɗaukar darasin yaro ɗan shekara 10? Gaskiya ne maganar yau da kullum takan ce sanyi ya shiga ɗaki, amma Faransanci ma haka yake faɗa, bai hana Faransawa koyon kimiyya ba. Kalmar da ta rage a ƙirƙire ta. Aikin malamai da masana harshe ke nan.

Kuma wannan magana ba baƙuwa ba ce a Nijar. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar da ya shugabanci ma'aikatar makamashin rana ta ONERSOL, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira tun cikin littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka da a koyar da yara cikin harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta lissafa harsunan ƙasa tare da Faransanci a matsayin harsunan koyarwa, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Takardu dai ba su yi ƙaranci ba. Amma doka ba ta shiga aji da ƙafarta. Sai an horar da malami, an ba shi littafin jagora, an kuma sake salon jarrabawa ta riƙa tambayar dalili a maimakon hadda.

Kada wani ya ɗauka ƙaramin al'amari ne. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, sanin tafiyar zafi sanin zaman duniya ne. Wanda bai fahimce shi ba shi ne zai rushe soron ƙasa mai kauri, wanda ke jinkirta shigar zafi, ya kafa kwano ba rufin ciki, ya ce ya ci gaba, iyalinsa na gasuwa. Wanda ya fahimce shi kuwa ya dubi randa da sabon ido: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafin na ciki. Da wannan sanin wani malami a Jigawa ta Nijeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Ba wanda ya ce a kori Faransanci. Yaron da ya gane abu cikin harshensa ba ya wahalar koyon sunansa cikin wani. Amma a fara da ganewa, suna ya biyo baya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Duk ajin da aka gama darasin zafi ba a taɓa ludayi ba, ba a jiƙa hannu ba, ba a yi gardama ba, an ɓata alli ne kawai.