Yanke Waya Ba Ya Maganin Ɓarawo, Sai Ilmi Mai Zurfi

Kowane falke da ke cin kasuwar Sabon Birni ko ta Isa bai manta da watan Satumba na shekarar 1443 ta Hijira, watau 2021, ba. A cikin wannan wata ne aka katse layukan waya a jihar Zamfara, bayan haka gwamnatin Sakkwato ta Aminu Waziri Tambuwal ta bi sawu a ƙananan hukumomi 14, har da waɗannan biyu, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Niyyar kam kyakkyawa ce, amma talaka ne ya sha ɗacinta. Ɗan kasuwa ya kasa jin farashi, ya kasa aika kuɗi, ƙauyen da aka far wa kuma ya rasa yadda zai kira ɗauki. Su kuwa ɓarayin da ke bakin iyaka sai suka koma ga layukan Nijar, domin iskar waya ba ta san shingen ƙasa ba. A watan Oktoba aka kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo, a Disamba kuma aka ƙona matafiya cikin mota a Gidan Bawa.

Abin da wannan ya nuna shi ne, wanda bai iya bin sawun waya guda ba, shi ne ke rufe ta kowa. Wayar ɓarawo kuwa tana barin sawu kamar kofaton doki a kan rairayi: hasumiyar da ta kama, lambar da ta kira, da asusun da kuɗin fansa ya shiga. Karanta wannan sawu fanni ne mai zaman kansa, kuma ba ya isa a bar shi ga ƙananan ma'aikata, alhali manyan hafsoshin da ke yanke hukunci ba su san kansa ba.

Malamai sun fi kowa fahimtar wannan magana. Yaron da ya sauke allo ya iya karatu, amma ba a ba shi fatawa sai ya zauna shekaru a zauren ilmi, ya ƙare littattafai a gaban malami, ya karɓi ijaza. To, haka taron bita na kwana uku yake a gaban digiri na biyu da na uku. Shugaban tsaro yana bukatar zurfin da zai sa ya auna shawarar masana, ya san abin da na'ura za ta iya da wanda ba za ta iya ba, ya kuma san dokar laifuffukan intanet ta 2015 wadda aka gyara a 2024, domin kada sauraren wayar ɓarawo ya zama tonon asirin bayin Allah.

Makarantun yin wannan aiki suna nan. Akwai Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna tun 1964, da Kwalejin Jaji tun 1976, da Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja, wadda aka kafa a 1992. Lalle ya kamata wannan fanni ya zama sharaɗin hawa babban muƙami, a kuma gina darasinsa a kan abin da ya faru a ƙasar Gobir. Har ila yau a sa masu jin Hausa da Fulatanci a ciki, domin na'ura tana kama murya, amma sai ɗan gari ke gane zaurance. Tilas kuma a yi aiki da hukumomin Maraɗi, tun da Gidan Rumji maƙwabciyar Sabon Birni ce.

A watan Agusta na 2024 hoton bidiyon Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya zaga wayoyin jama'a yana hannun ɓarayi, kafin labarin rasuwarsa ya zo. Ke nan maƙiyi ya riga ya mai da waya makami. Sarakunan Alƙalawa sun tsare birninsu da ganuwa da masu gadin ƙofa waɗanda suka san mai shiga da mai fita. Ganuwar wannan zamani ba ta ganuwa da ido, amma ita ma tana son shugabannin da suka san ƙofofinta. Allah ya mai da zaman lafiya ƙasar Gobir, amin.