Likita, Ka Saurari Mara Lafiya Kafin Ka Dubi Sikeli

Yau wani abu ne ya tsaya min a rai, na ce bari in amayar da shi.

Kwanakin baya na raka Gwaggona asibiti. Mace ce mai jiki, ta yi wata uku tana fama da ciwon mara da zubar jini. Tun kafin ta gama bayani likita ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, ki je ki rage ƙiba." Ko taɓa ta bai yi ba. A mota ta fashe da kuka, ta ce ita da asibiti har abada. Da ƙyar muka lallashe ta ta ga wata likita, wadda ta saurare ta, ta tura ta hoto. Ashe ƙari ne a mahaifa.

Ban musa cewa ƙiba na da alaƙa da hawan jini da ciwon suga ba. Amma ai ba kowane ciwo ne ƙiba ke kawowa ba. Shi kansa ma'aunin BMI da ake taƙama da shi, wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 19 don nazarin jama'a, ba don duba mara lafiya ba. A 2023 ƙungiyar likitocin Amurka ta ce kada a dogara da shi shi kaɗai. Ko abin awon jini, in ya yi wa damtse kaɗan, sai ya nuna jini ya hau fiye da gaskiya.

Siraran ma ba su tsira ba. Gorin rama ne ke tura 'yan matanmu shan sha-ka-fashe, alhali irin waɗannan ƙwayoyi, kamar dexamethasone, na iya jawo suga da hawan jini.

Roƙona ga likitoci da ma'aikatan jinya shi ne ku fara da sauraro, ku bincika, sannan in maganar nauyi ta kama a yi ta cikin mutunci. Wanda aka kunyata sau ɗaya ba ya komawa sai ciwo ya ci ƙarfinsa. Mu ma a gida mu daina yi wa juna gori da jiki. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Gwaggo dai an yi mata aiki, tana samun sauƙi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.